A Bar Mati a Gida

Baba,

Ina gaishe ka da ladabi. Yaya ƙafar Inna, yaya mutanen Ibohamane? Ni lafiya lau nake a Italiya, tarin ma da sauƙi.

Na ji kana shirin turo autanmu Mati. Tsohon da nake yi wa aikin gona ya ba ni labarin Fabiyawa, wani babban gida na Romawan da. Mazansu duka suka fita yaƙi rana guda, aka karkashe su. Yaron da aka bari a gida shi ya raya zuriyar.

Baba, mu huɗu muka bar gidanka. Teku ta ci Idris da Sulaiman, ɗan'uwanmu Tsoho kuwa ko labarinsa babu. Don Allah ka bar Mati ya noma gero. Ka bar wanda zai ɗauki makararka.

Ɗanka,
Abdurrahman