Wuyan Jitar Papa Eshun Ya Miƙe

Zuwa ga Araba, sanyin idona, inuwar kwakwata da tsakar rana, ruwan farko a kan kwanon shagona, wadda dariyarta ke sa masunta su saki igiyar da suke ja!

Ina gaishe ki gaisuwar mai ƙishi, da fatan ke da yayarki da jaririnta kuna lafiya a Kumasi. Ni dai ina nan Elmina da sauran numfashi. Tun da kika tafi taya ta jego, ko dokunu, tuwon masarar nan namu, ba ya min daɗi. Wane irin jariri ne wannan da ya ƙi girma ya sako min ke? Ki sumbace shi, amma ki gaya masa ina jin haushinsa.

Kin tuna ranar da kika fara shigowa shagona, faifan kifi a ka, tsohuwar jitar mahaifinki a hammata? Kika dube ni sama da ƙasa kika ce, "Kai ne mai gyaran? Ai na ɗauka babba ne." Guduma ta faɗo min a ƙafa a lokacin, ban ji zafinta ba sai da kika sha kwana. Tun ranar ban sake mallakar kaina ba.

Kin san abin da ya shiga tsakaninmu, amma bari in sake faɗa ko na huce. Kawunnaina suka je ƙwanƙwasa ƙofarku neman aurenki, da kwalbar giya kamar yadda aka saba. Mahaifinki, Papa Eshun, ya karɓa, ya juya ta, ya ɗora kan kabad bai buɗe ba, kuma kowa ya san muddin ba a buɗe ba, ba a ba ni ke ba. Ya ce, "Yaron da ke son 'yata ya sassaƙa min jita irin wadda na kaɗa lokacin da nake da gashi, mai tudun ciki. Wuyanta kuma ya tsaya a miƙe har damina ta fita. In ya lanƙwashe, ku zo ku ɗauki kwalbarku."

Gangar jikin ba ta ba ni wuya ba, ya farin cikina. Na kankare ta ina tunanin kumatunki, har sai da in na ƙwanƙwasa ta da yatsa take amsawa. Amma wuya! Kai, wuya! Tsirkiyoyin ƙarfe na jansa ba hutu, iskar teku na jiƙa shi, shi kuma katako ba ya jin magiya.

Na farko ya yi mako kaɗan a gidanku, sai ga Papa ya dawo min da jitar, wuyan ya rusuna gaba kamar mai gaida sarki. Tsirkiyoyin sun yi sama har ƙadangare zai wuce ta ƙarƙashinsu bai sunkuya ba. Ya ce, "Ato, wannan ta kiɗa ce ko ta shanya taru?" Masu kallo suka kwashe da dariya, ni ma na yi, don babu yadda zan yi.

Na sake wani. Na binne masa sandar ƙarfe a ciki, mai noti a kai, wadda in an ɗaure take jan wuya baya. Tsoro ya sa na ɗaure ta kamar mai ɗaure ɓarawo. Shi kuma wannan ya gantsare, tsirkiyoyin suka kwanta a jikinsa suna ziza. Papa ya kaɗa sau ɗaya, ya kare kansa da hannu, ya ce, "Wa ya tono zuma a nan?" Ranar na zauna cikin garin katako na yi hawaye, Araba, ban ɓoye miki ba. Ashe mutum zai rasa matar aure saboda guntun maɗaci?

Sai Allah ya turo min mahaifiyarki. Maame Ekua ta tsaya a ƙofar shago, ta ɗauki katakon ta shinshina, ta ce, "Ɗana, abin nan ɗanye ne. Kawo shi in sa maka a saman ragar banda. Babu abin da ya taɓa sauka daga murhuna da laima." Haka wuyan jitar mahaifinki ya yi makonni yana shan hayaki tare da kifinku, ana juya shi in an juya su. Da ya sauko na tsaga shi uku, na juya na tsakiya don kowanne ya riƙa jan ɗan'uwansa, na manne su da gam. Na mai da sandar, na ɗaure notin a hankali, kaɗan yau, kaɗan gobe, kamar yadda na riƙa lallaɓa ki.

Ya miƙe, ya hasken safiyata! Ya miƙe sambal! Sai dai fa warinsa. Duk magen da ke Elmina ta san shagona yanzu. Suna layi a ƙofa tun safe, wata ma ta haihu a ƙarƙashin bencina. Wata tsohuwa ta leƙo ta tambaye ni ko akwai mai laushi, na miya take so.

Na kai wa Papa jitar, na zauna jiran a dawo min da ita. Shiru. Sai Maame ta raɗa min a kasuwa, "Tsohon nan fa da gangan yake rataye jitar a tagar da ke kallon teku duk lokacin da ka kai masa, inda ko gishiri narkewa yake yi. Yanzu ma can take, wuyan ya ƙi lanƙwashewa, shi ya sa ba ya cin abinci." Na ji kamar in je in cire tagar da hannuna.

Jiya, da damina ta fita, ruwa ya ɗauke, sai ga shi da kansa, da jitar a hannu. Ya kori maguna, ya zauna, ya kanne ido ɗaya ya duba wuyan daga sama har ƙasa, yana neman laifi bai samu ba. Ya shinshina ya ce, "Ƙamshin matata take yi." Sannan ya kaɗa waƙar nan da kuke yi tare da yamma, har ya iso wurin da kike amsawa, sai ya tsaya. Ya dube ni ya ce, "Ita ce autata. In ka ɗauke ta, wa zai riƙa yi min amshi?"

Duk haushina ya zube, Araba, tausayinsa ya kama ni. Na ce, "Papa, ai ba teku zan ƙetare da ita ba. Kullum da yamma zan rako ta, in zauna a gefe in yi shiru." Ya ce, "Shirun nan shi ne sharaɗi, na taɓa jin muryarka." Ya share fuska, ya ce a gaya wa kawunnaina su zo ran Asabar, zai sauko da kwalbar.

To, ya numfashina, saura ke. Kin san ba za a taɓa murfin ba sai an kira ki gaban dangi an tambaye ki sau uku ko kin yarda a buɗe. Katako na iya masa, amma ke ba ki da notin da zan ɗaure, sai roƙo. Ki shigo mota ki taho! Na san halinki sarai: a tambayar farko za ki sunkuyar da kai ki yi shiru don ki ga gumina. Na yarda. A ta biyu ma ki yi abinki, ki duba farcenki, zan daure. Amma a ta uku, Araba, ki ji tausayina ki buɗe baki.

Naki har teku ta ƙafe,
Ato Kwamina