Gonar Doña Eufrosina

Zuwa ga Yaya Chencha,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi, yara kuma suna lafiya. Albishirinki, gwamnan jiha ya sa hannu, ƙanenki ya zama notariyo. Duk takardar gado ko ta fili sai da hatimina za ta tsaya. Amma zuciyata ba ta kwanta ba. Don Melitón, uban baftismar 'yata, wanda ko gaisuwata da ƙyar yake amsawa, shi ya yanka akuya, ya aiko da tebur har ofis. Mutumin da ke lasar cokali kafin ya ara maka, yau shi ne da kyauta? Ina dai kallonsa.

Naki,
Nicanor

Yaya Chencha,

Ina gaisuwa, ya jikin? Abin ya fito fili. Gwaggon Don Melitón, Doña Eufrosina, wai za ta ba shi gonarta mai rijiya. Doka ta ce in karanta mata takardar in ji amincewarta, ita kuwa yaren Zapotec kaɗai take ji, ɗansa ne zai yi tafinta. Kin san shi ne yaren Mama, amma ya gudu daga bakina tun ina makaranta, yau nake jin kunyar haka. Kuma a garin nan wa ke ce wa uban baftisma a'a? Don Allah ki zo ranar Alhamis da kwandon tamale, dafaffen ƙullin masarar nan, kamar abinci kika kawo mini, ki zauna a gefe ki kasa kunne.

Ƙanenki,
Nicanor

Yayata,

Da fatan kin isa gida lafiya. Har yanzu ina ganin fuskarki lokacin da yaron ke gaya wa tsohuwa wai takardar tallafin tsofaffi ce, ita kuma tana sa masa albarka. Da kika girgiza mini kai sai na ajiye hatimin, ban buga ba, kuma ban yi nadama ba. Don Melitón ya daina yi mana magana, a coci ma ya kau da kai daga 'yata, ta dawo tana kuka.

Jiya na ji sun kai tsohuwa wani gari, an buga musu hatimi a can. Har sun fara kewaye gonar da waya, ita tana gida tana jiran tallafi. Zan kai ƙara, amma sai ta san abin da aka yi mata. Ki dawo ki gaya mata, Yaya. Ni ba ni da bakin da zan gaya mata da shi.

Naki har kullum,
Nicanor