A Buɗe Tankin Koriyar Mota

Daga:
Unno Tadahiko,
Mamba mai lamba 17,
Okitsu, Gundumar Shimizu, Shizuoka.

Zuwa ga:
Mista Ishigami Norio,
Shugaban Kwamitin Alƙalai,
Ƙungiyar Masu Haɗa Ƙananan Motoci ta Bakin Teku, Shimizu.

27 ga Mayu, 2024.

Game da: Buƙatar dakatar da tafiyar motar da ta ci kofin bana, da buɗe tankin manta a gaban shaidu

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, da fatan sabon shayin bana ya same ka cikin ƙoshin lafiya. Ni ne mai suna a sama, ɗan shekara saba'in da ɗaya, tsohon mai haɗa haƙoran roba, mamban wannan ƙungiya ta masu haɗa 'yan motocin roba na ado shekara talatin da huɗu. Ban taɓa rubuto wa kwamiti ko layi ɗaya ba, har a shekarar da aka ba ni na huɗu a gasa alhali kowa ya san inda na cancanta. Yau na rubuto ne saboda ina zargin koriyar motar da Mista Serizawa Kenzo ya ci kofi da ita ranar Lahadi, 19 ga Mayu, tawa ce, fenti kawai aka sake mata. Na ji za a tura ta baje kolin ƙasa a Tokyo ranar Asabar, 8 ga Yuni, da sunansa. Akwai wata 'yar takarda a cikinta wadda idan ta bar garin nan ba zan ƙara gani ba. Ga dalilaina.

1. Ranar 4 ga Disamba, 2022, na ajiye motata a kabad ɗin gilashi na ƙungiya da ke zauren unguwa. Motar Amurka ce samfurin 1970, mai ƙofa biyu da babban inji, girmanta kashi ɗaya cikin ashirin da biyar na ta gaske. Shekara uku na yi a kanta. Kalarta ruwan lemo, matata Fumie ce ta zaɓa, ta ɗauko lemo ɗaya daga gonar bayan gidanmu ta ajiye mini a tebur, na yi ta haɗa fenti har ya yi daidai da shi. Makullin kabad ɗin guda ɗaya ne, kuma yana hannun Mista Serizawa.

2. Ranar Asabar, 8 ga Yuli, 2023, rufin zauren ya yi yoyo, aka matsar da kabad ɗin. Washegari Mista Serizawa ya zo har gidana da kwalin shayi, ya sunkuya ya daɗe bai ɗago ba. Ya shaida mini cewa motata ta faɗo ta yi kaca-kaca, shi kuma ya share tarkacen ya zubar don kada in gani raina ya ɓaci. Na karɓi shayin, na ma ba shi haƙuri, domin na ga kamar ya fi ni damuwa. Ina jin kunyar wannan haƙurin yanzu.

3. Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin cewa mai wannan sana'a ba ya zubar da tarkace. Kowannenmu yana da kwalinsa na karyayyun tayoyi da guntayen salansa, wasu sun girmi 'ya'yanmu. Shi kansa Mista Serizawa na taɓa ganinsa ya yi rarrafe ya fi rabin awa a ƙarƙashin tebur yana neman madubin gefe da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Mutumin nan ne zai share aikin shekara uku ya kai bola? Tun ranar zuciyata ba ta kwanta ba, na dai haɗiye. A makon jiya na tambayi Uwargida Nagura, mai kula da zauren, wadda ita ke ware robobi daga sauran shara. Ta ce ba ta ga ko taya ɗaya a kwandon ba, kuma da ta gani da ta ajiye, don ta san halinmu.

4. A wurin gasa na duba injin koriyar motar da gilashin ƙara girma da nake aiki da shi. A nan dole in tona wa kaina asiri. Lokacin da nake saka wa motata wayoyin fulogi takwas na yi kuskure, ta biyar ta tafi gurbin ta bakwai, ta bakwai ta tafi gurbin ta biyar. Sai da gam ya bushe na lura, ban gaya wa kowa ba, ya daɗe yana cin raina. Wannan kuskuren na nan zaune a injin koriyar mota, babu abin da ya bambanta. Ina kuma roƙon kwamiti ya tuna cewa a shekara ashirin da Mista Serizawa ya yi tare da mu bai taɓa saka wa inji waya ko ɗaya ba. Manne bonet yake yi da gam, yana cewa kyan mota daga waje ne. Ban san inda ya koyi aikin cikin wata goma ba, har ya koyo shi tare da kuskurena.

5. Fentin ya yi kauri a bakin ƙofofi, kamar yadda yake yi idan an shafa sabo a kan tsoho ba a kankare ba. Ɗinkin kujerun da kayan aikin haƙori aka zana shi, kuma ban san wani a ƙungiyar nan da ke da irinsu ba bayan ni. Sannan duk mai shiga gasa yakan ajiye madubi a ƙarƙashin motarsa don a ga aikin ciki. Ita wannan an manne tayoyinta a kan baƙin katako, babu madubi, babu damar ɗagawa. Ba na cewa alƙalai sun san wani abu. Na dai yi mamakin da babu wanda ya tambayi dalili. Da na matso ina dubawa, Mista Serizawa ya tashi daga gefen motar ya tafi neman ruwan sha, bai dawo ba sai da na bar wurin.

6. Na san za a iya cewa duk wannan zato ne na tsohon da bai ci kofi ba. To akwai shaidar da ba ta buƙatar a yarda da ni. Mahaifina kafinta ne, kuma kamar sauran kafintoci duk gidan da ya gina sai ya kafa allo a cikin rufi mai ɗauke da kwanan wata da sunan masu gida da na magini. Na gaji wannan al'ada. Kowace mota na haɗa, nakan naɗe 'yar takarda in saka a tankin mai kafin in manne shi. Ta wannan motar ba ni na rubuta ba. Fumie ce ta rubuta ranar 20 ga Janairu, 2022, tana kan gadon jinya, domin rubutunta ya fi nawa ƙanƙanta. Ta sa sunana, ta sa nata a gefe, ta zana ɗan lemo a ƙasa. Ta rasu ranar 11 ga Fabrairu. Shi ne rubutu na ƙarshe da ta yi, ban kuma ɗauki hotonsa ba, don ban taɓa zaton motar za ta bar hannuna ba. Wata goma ina kunna turare a gaban hotonta ina neman ta yafe mini na bari an kai rubutunta bola. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma yanzu ina zargin an sa ni wannan baƙin cikin ne saboda kofi.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon kwamiti ya hana a taɓa motar daga yau, ta dawo hannunka ba hannun mai makulli ba, a kuma ɗage tafiyarta Tokyo. A kira ni da Mista Serizawa da shaidu biyu kafin 8 ga Yuni, a yanka tankin da siririn zarto. Kai za ka yanka, ranka ya daɗe, ba ni ba, don kada a ce da hannuna na jefa wani abu a ciki.

Na san yankan zai lalata ƙasan motar har abada, ni na san yawan gam ɗin da na zuba. Idan tankin wayam yake, zan sunkuya a gaban ƙungiya duka in nemi gafarar Mista Serizawa, in miƙa katina na mamba, ba za ku ƙara ganina a zauren ba. Idan kuwa an samu takardar, ba na neman kofin, kuma hukuncinsa na bar wa kwamiti. Roƙona ɗaya: kada kowa ya warware ta da yatsa, takarda ce siririya kuma ta sha zama. Zan zo da matsefatata, da ita za a buɗe ta.

Na gode da haƙurin karanta wannan doguwar takarda. Ka huta lafiya.

Naka cikin girmamawa,

Unno Tadahiko
Mamba mai lamba 17