Silifas Ɗin Baba a Shafinmu

Litinin, 3 ga Maris
Ni ne Babban Injiniyan wannan kamfani, wanda kwamfutoci ke miƙewa tsaye in ya yi tari. Yau shafin da muke tallar takalma ya yi nauyi kamar jakin da aka yi wa lodin gishiri. Na umarci ƙaramar ma'aikaciyata, Gilashi, ta duba.

Talata, 4 ga Maris
To, Baba ne ya umarce ta. Kuma ƙanwata ce. Wai ta gyara ma'ajiyar sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin. Na ce wace ma'ajiya? Ta ce: "Yaya, kamar takalman da kake jerawa a tebur ne. Ba sai ka shiga sito duk lokacin da mai saye ya tambaya ba." Ta sa hotuna su riƙa zama a can gaba har mako guda. Yanzu kafin ka ƙifta ido shafin ya buɗe.
Hotunan nan fa ni na ɗauke su. Babu wanda ya tuna.

Laraba, 5 ga Maris
Baba ya ja mata kujerar da ke kusa da shi. Kujerata. Ya ce shafin ya koma hannunta. Na kwaikwayi tafiyar mai gadi, abin da ke sa shi dariya har da hawaye. Ko ɗago kai bai yi ba.

Alhamis, 6 ga Maris
Na cire hoton takalminmu mafi tsada, na sa na silifas ɗin Baba na banɗaki, wanda aka ɗaure da waya. So nake kawai in ga idonta ya raina fata. Ashe ta fita. Na mayar da na gaskiyar, na ce Allah Ya rufa asiri.

Juma'a, 7 ga Maris
Bai rufa ba. Silifas na nan! Na cire shi, na sake cirewa, yana nan daram da farashinsa a ƙasa. Ma'ajiyar ta riƙe shi gam. Babban dillalinmu ya kira yana ƙyaƙyatawa, wai a ajiye masa dozin. Baba ya gane silifas ɗinsa. Ya ce da Gilashi: "Gyaran ke nan? In gobe na sake ganinsa, ki bar min shafina."
Abin da na so ke nan. Amma na ture abincina gefe ban taɓa ba.

Asabar, 8 ga Maris
Na same ta da sassafe. Kafin in buɗe baki ta faɗaɗa hoton: ga babban yatsana a gefe, da farcen nan da ƙofa ta datse.
"Tun jiya na gani."
"Me ya hana ki share?"
"Jira nake mai yatsan ya zo."
Ta matsa min kujera. Da hannuna ta sa na share ma'ajiyar, na sake wa hoton suna. Silifas ya tafi. Ba ta gaya wa Baba komai ba. Wannan ta bar min.

Lahadi, 9 ga Maris
Na gaya masa. Ya ɗaga silifas ɗin zai jefe ni, wayar ta tsinke, dariya ta ƙwace masa.
Shayin da na kai wa Gilashi ba wani abu ba ne, ya yi min yawa ne kawai.
Babban Injiniya ya yi murabus. Mai rubutun nan ɗan makarantar allo ne a harkar kwamfuta, mai ɗaukar hoton takalma. A kasuwa yanzu "yayan Gilashi" suke kirana. Har na fara amsawa.