Ganyen da Aikande Ta Ƙulla

Zangon Shira, kan dutse
Litinin

Zuwa ga uwargida Aikande, Maman Nsia,

Gaisuwa mai yawa daga inda gajimare ke ƙarƙashin ƙafarmu. Ina fata kina lafiya, da 'yarmu Nsia, da saniyar nan taki mai baƙin rai wadda kika fi so a kaina.

Mun iso lafiya. Baƙina Turawa ne wannan karon, kuma tafiyar tasu haɗe take: in na kai su Kibo, ƙololuwar dutsen nan, suka taɓa ƙanƙara, sai in sauko da su in miƙa wa ƙanena Ndesario, ya zuba su a motarsa ya kai su kallon namun daji. Ni in sha wuya, shi ya sha iskar mota. Haka Allah ya raba mana tun muna yara.

Akwai wata tsohuwa a cikinsu, ta girme ki nesa ba kusa ba, amma hawa take kamar akuya. Mijinta ne ragon. Kansa ke sarawa, saboda haka za mu zauna a nan har Juma'a jikinsa ya saba da ƙarancin iska. Na ce masa sannu ba ta hana zuwa, ya rubuta a littafinsa wai hikima ce.

Tarimo mai dako zai sauko ɗauko kananzir da garin masara, shi zai kawo miki wannan. Kin dai san bakin Tarimo, ko ruwa ba ya riƙewa. In ya ce miki ina tari, to ina yi mana, wa ke nan da ba ya tari? Sanyi ne kawai. Dutsen nan ya san ni na san shi tun kafin a haifi Nsia. Kada ki ɗaga hankalinki, kada kuma ki aiko min da jiƙe-jiƙen nan naki masu ɗaci.

Laraba ce ranar ruwanmu a gonar ayaba. A sa ido, kada maƙwabci ya sake karkatar da shi.

Naki, komai faɗanki,
Elisante

*

Siha
Talata da sassafe

Baban Nsia,

Ina gaishe ka don an koya min gaisuwa, amma ni ba lafiya nake ba, kai ma ba lafiya kake ba. Ka daina yi min wasa da hankali.

Tarimo bai so faɗa ba, sai da na tsare shi a bakin murhu na riƙe masa kofin shayinsa. Ya ce ƙirjinka na ƙara kamar tukunyar da ke tafasa. Ya ce a zaune kake barci, don in ka kwanta numfashi ƙi yake. Ya ce ya ga abin da ka tofar a bayan tanti, kumfa ce ja-ja, ka sa ƙafa ka rufe da ƙasa. Sanyi ne kawai? Ni za ka gaya wa, Elisante? Ina tsaye aka sauko da yayana Kisanga daga dutsen nan, da irin wannan kumfar a leɓensa. Shi ma sanyi ne kawai, har ranar da muka binne shi a gindin ayaba.

Na san halinka sarai. In na ce ka sauko, ka ce baƙi. In na aiko fasto, ka ba shi shayi ka sallame shi. To, buɗe ƙyallen da ke cikin takardar nan. Tun raɓa ba ta bushe ba na fita na tsinko shi a kan iyakar gidan ubanka, na ƙulla shi da hannuna. Ganyen isale ne. Duk zamanmu ban taɓa miƙa maka shi ba, ko a shekarar da ka fi ɓata min rai. Ka san ba a miƙa wa ɗan ƙabilarmu ta Cagga isale ya ce a'a. Wanda ya ƙi, ba da ni ya yi ba, da kakanninsa da ke kwance ƙarƙashin shukar ya yi.

Ga roƙona. Da gari ya waye bayan ganyen ya shiga hannunka, ka sauko. Ka bar wa mataimakinka baƙin. Kada ka jira mota, kada ka jira kowa, kada ka bi doguwar hanya. Ka yanko ta gajeriyar hanyar kurmi, wadda ke faɗowa ƙofar gandun daji kafin yamma.

Tsoro nake ji, Baban Nsia. Ka zo ka yi fushi da ni a gida, zan ɗauka.

Allah ya tsare min kai.
Matarka, Aikande

*

Ƙofar gandun daji
Talata da yamma

Matar Yaya,

Ina gaisuwa, ranki ya daɗe, sarauniyar faten ayaba. Yaya gida, yaya 'yata Nsia? Direban motar madara zai miƙa miki wannan gobe da safe, a ba shi ko ɗan abin taɓawa, mutumin kirki ne.

Na haɗu da Tarimo a nan da rana zai koma sama ta doguwar hanya saboda nauyin kayansa. Ya ba ni labarin tarin Yaya, raina bai so ba ko kaɗan. Ya ce kin ba shi takarda, na ce to, masifa ce aka rubuta, Yaya zai karanta ya yi dariya kamar kullum. Yau dai taurin kansa zai yi mana rana, bari ki ji dalili.

Tarimo bai daɗe da wucewa ba aka fito da wani mai saran itace daga kurmi a naɗe cikin bargo. Matar Yaya, ni da zaki ke cin nama a gindin tayar motata ina zuba wa baƙi shayi, yau sai da na koma bayan mota na yi amai. Wani tsohon bijimin ɓauna ne. Tarkon waya ya ci masa ƙafa har ta ruɓe, garke ya kore shi, ya zo ya tare a bakin rafin da gajeriyar hanya ke tsallakawa. Irin wannan ba ya gudu, laɓewa yake yi. Idonsa ba wani ido ba ne, amma ko tsinke ka taka ya ji. Abokin mamacin ya ce sun kusa wucewa lafiya, atishawa kawai mutumin ya yi.

An rufe hanyar. Na sa masu gadin daji sun kira zangon Shira ta rediyon oba-oba, sun ce a gaya wa Yaya ya zauna inda yake. Ni zan hau da mota in ɗauko shi. Da yanzu zan tafi, to ruwan sama ya zaftaro ƙasa a kan hanyar motar, masu gyara sun ce sai Juma'a. Kafin nan ina ƙasa da wasu baƙin, muna bin raƙuman dawa.

Na sani, gaba kura ne baya sayaki. Zama a sama da irin wannan ƙirjin ba alheri ba ne. Amma mutum mai tari a hanyar nan, ai ƙararrawa ya rataya a wuya. Ki yi haƙuri zuwa Juma'a. Ki yi addu'a, ki bar min sauran.

Ƙaninki mai cin tuwonki kyauta,
Ndesario

*

Siha
Laraba

Ndesario,

Ba gaisuwa, ka yafe ni. Mai madara na tsaye a ƙofa yana jira.

Wayyo ni Aikande! Ba masifa na rubuta masa ba. Isale na aika. Na ƙulla, na ce da gari ya waye ya sauko, kada ya jira mota, kada ya jira kowa. Da bakina na zaɓa masa gajeriyar hanyar kurmi. Ni na ce ta nan.

Yau da yamma Tarimo zai isa zango. Gobe da asuba yayanka zai taso. Kada ka ce min an gaya masa ta oba-oba. Kai ɗan gidan ne, ka san wanda zai bi tsakanin oba-oba da ganyen. Na je gindin shukar na tsaya ina kallonta kamar mahaukaciya, ko akwai yadda ake kwance abin da aka ƙulla. Surukata ta ce babu, magana zarar bunu ce.

Ka ajiye baƙin nan ko a gindin bishiya ne. Ka nemi mai bindiga ku tare shi. In wani abu ya same shi, ba ɓauna ba ce, ba dutse ba ne, ni ce. Nsia na tambayata me ya sa ban ɗora tukunya ba, na kasa kallonta.

Don Allah, Ndesario. Don Allah.
Aikande

*

Ƙofar gandun daji
Alhamis da yamma

Matar Yaya,

Ina gaishe ki. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta, ki kuma kira Mama ta zauna kusa da ke.

Takardarki ba ta same ni ba sai yau da rana, da na dawo da baƙi. Na bar su a nan da abincinsu na yi bakin kurmi a guje. Ban kai ba na ci karo da Tarimo, ba takalmi a ƙafarsa, jikinsa duk ƙaya. Shi kaɗai.

Ga abin da ya faɗa. Jiya mai gadin zango ya gaya wa Yaya an rufe hanya, ya jira motata. Yaya ya zaro ganyen daga aljihu ya nuna masa. Mai gadin ɗan Cagga ne shi ma. Sai ya cire hularsa, ya matsa gefe. Tarimo ya ce ba zai bar Yaya ya tafi shi kaɗai ba, suka taso da asuba.

Ya ce tun daga sama har kurmi Yaya bai yi taku goma ba tari ba. Da suka doshi rafin suka ji wari, irin na naman da ya kwana a rana. Tsuntsaye suka yi tsit. Sai ga bijimin ya miƙe daga cikin ciyawa, baƙi wuluk, ƙudaje na bin ƙafarsa. Tarimo bai san lokacin da ya ɗare bishiya ba. Yaya ba ƙarfin hawa, ya zube bayan wani ruɓaɓɓen gungume ya kwanta. Kin ji, ya kwanta, mutumin da kwanciya ke shaƙe shi.

Bijimin ya tako har gindin gungumen ya tsaya, yana huci, yana juya kunne. Tarimo ya ce ya runtse ido yana jiran tarin nan. Yana jira, yana jira. Bai ji ba. Hazo ya sauko ya rufe wurin, har ya daina ganin gungumen da dabbar. Rana ta karkata, shiru. Ya kira sunan Yaya a hankali, shiru. Daga nan ya bi reshe zuwa reshe ya diro ta wancan gefe ya runtuma.

Ba zan yi miki ƙarya ba. Wannan shirun ne ke ba ni tsoro. Mutumin da ya kwana uku bai huta da tari ba, me zai sa shi yin shiru haka?

Mai bindiga ya iso, yana ɗaura takalmi. Yanzu za mu shiga tun da sauran haske. Komai muka tarar, da ƙafata zan zo in gaya miki.

Allah ya sa mu ji alheri.
Ndesario

*

Asibitin mishan, Moshi
Lahadi

Maman Nsia,

Gaisuwa daga gadon da ya fi tanti laushi. Ina fata saniyarki ba ta yi kewata ba.

Ndesario ya ce ya je ya gaya miki an same ni da rai, kika faɗi a tsakar gida. Ya ce ya kawo mota har ƙofa kika ƙi shiga, wai ba ki da idon da za ki kalle ni. Ya ce tun Laraba ba ki sa komai a bakinki ba. Haba, Aikande.

To, saurara. Likita ya ɗora abin awonsa a bayana ya ce da na jira motar Juma'a, gawa Ndesario zai ɗauko. Saukowar ce ta kwashe ruwan daga ƙirjina. Wannan ɗaya ke nan.

Na biyu, kina son sanin inda tarin ya tafi. Da na kwanta bayan gungumen na ji shi yana tasowa, ga hucin dabbar nan a kan wuyana. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba, ba zan ɓoye miki ba. Na laluba aljihu, ba komai sai ganyenki. Na cusa shi a baki na datse da haƙori. Duk lokacin da tarin ya taso sai in ƙara cizo, in haɗiye ɗacin, hawaye na zuba. Haka har bijimin ya gaji ya ja ƙafarsa ya tafi. Da su Ndesario suka zo, da ƙyar suka ɓanɓare min baki. Ashe sai da kika san yadda kika yi kika ɗura min abu mai ɗaci.

Buɗe ƙyallenki, na dawo miki da shi. Rabin ganyen na cikina, ga sauran, da shaidar haƙorana, kuma ƙullinki bai kwance ba. Yanzu ni ke miƙa miki, kin kuma san ba a cewa a'a.

Roƙona ɗaya ne. Ki yafe wa matata, ki ba ta abinci ta ci, ki kawo min ita gobe.

Mijinki,
Elisante