Idon Baba na Hagu

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidan da yaran. Ƙaramar taki ta daina tarin nan? Ki ce mata Antinta tana gaishe ta. Ga shekara ta zo ƙarshe, ina yi muku barka da shiga sabuwa tun yanzu. Allah ya sa mu ga alherinta, ya bar mana tsofaffinmu.

Kada ki yi mamakin ganin wasiƙa alhali shekaranjiya muka yi waya. A waya ba ni da baki. Da ta yi ƙara Mama za ta zo ta tsaya a kaina, hannu a ƙugu, kuma duk lafiya lau ɗin da kika ji na ce, ita ce take faɗa mini da ido. To yau ga gaskiyar.

Idon Baba ya yi nisa, Yaya. Kin san na dama ya daɗe da tafiya, yanzu na hagun ma yanar ido ta gama rufe shi. Yana gane haske da duhu, yana gane an gitta, amma ban da fuska. Ranar nan ya gaishe da rigar da na rataye a bayan ƙofa, har da tambayarta mutanen gida. Mun yi dariya, shi ma ya yi, amma da na shiga kicin sai da na share hawaye.

Teburinsa na gyaran agogo yana nan bakin taga inda kika san shi. Kullum da safe yana zama, ya jawo aljihun tebur, ya shafa kayan aikin ɗaya bayan ɗaya, ya mayar. Wani tsohon mai kawo masa gyara ya zo da agogon hannu, Baba ya kara a kunne ya gaya masa ciwon agogon tsaf, sannan ya miƙa masa abinsa ya ce ya kai wani wuri. Ranar ko abincin rana bai taɓa ba.

Likitan ido ya ce aikin ƙarami ne, in an cire yanar zai gani. Abin da ya tsare mu hawan jininsa ne. Ba sau ɗaya ba muka shirya, Baba ya sa fararen kayansa, muka je, aka auna, aka ce mu koma gida sai jinin ya sauka. Kuma likitan zai tafi ƙaro karatu a ƙarshen watan farko na sabuwar shekara, ba wanda ya san ranar da za a kawo wani. Ya gaya mini a gefe cewa yanar tana ƙara tauri, jinkiri ba zai yi mana kyau ba.

Ni kam na yi iya yina. Na cire gishiri daga girki har Baba yana cewa miyata da ruwan wanke-wanke uwarsu ɗaya. Kullum kafin in tafi makaranta ina ajiye masa ƙwayarsa a ɗan farantin shayi, in na dawo ba ta nan. Likitar hawan jinin ta ƙara masa ƙarfin maganin, amma shiru kake ji.

Ga kuma Mama. Jiri take fama da shi, kuma kullum ƙaruwa yake. Makon jiya ta faɗi wajen shanya, gwiwarta ta kumbura, ta ce wai igiya ce ta harɗe ta. Igiyar da ke sama, Yaya! Asibiti kuwa ta rantse ba za ta je ba sai an gama da na Baba. Ta ce kada in gaya miki, ga shi na gaya.

Ba don in tayar miki da hankali na rubuto ba, nauyin ne ya yi mini yawa ni kaɗai. Gobe muke samun hutu, zan zauna in sa musu ido. Ki taya mu da addu'a.

Taki har kullum,
Auta

*

Yayata ta kaina,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kun shiga sabuwar shekara lafiya. Yaya maigidan, yaya 'yan makaranta? Saƙonki ya iso, rigar sanyin ta yi wa Baba daidai, ta Mama kuwa ta ce ta yi mata kyau da yawa, don haka ta ninke ta sa a akwati. Kin san mutuniyar taki.

Ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta sauran, don ni da na gani da idona sai da na dafa bango.

A safiyar farko ta hutu na ajiye ƙwayar a faranti kamar kullum, na koma kicin ina wanke kofuna. Can na dawo ɗaukar butar shayi, sai na tarar da Baba a teburinsa ya shimfiɗa farin ƙyallen da yake ɗora cikin agogo a kai. Ya ɗora ƙwayar, ya laluba tsakiyarta da farce, ya ɗauko 'yar reza, ƙyas, ya raba ta biyu. Wallahi ko mai ido ba zai raba daidai haka ba. Sai ya ɗauki rabi da hantsaki ya miƙa gefe, Mama kuwa tana zaune a kujerarta da kofin ruwa, ta tara hannu ta karɓa ta haɗiye. Shi ma ya haɗiye nasa. Suka ci gaba da hirarsu hankali kwance.

Ban san lokacin da na yi salati da ƙarfi ba. Ashe tun farkon fara maganin, wata safiya Mama ta ce kanta yana ciwo, shi kuwa ya ce ai ciwon kai ne ya kai shi asibiti aka ba shi wannan, don haka ga rabi. Shi ke nan abu ya zama ƙa'ida. Da likita ta ƙara ƙarfin ƙwayar, na Mama ma ya ƙaru, jirin ya ƙaru. Ni kuma ina can ina hana mutum gishiri.

Laifina ɗaya, da ban yi tunani ba. Mu da muka tashi muna ganin mutumin nan ko lemo aka ba shi a waje sai ya sa a aljihu ya kawo gida sun raba da Mama. Ayaba, biredi, ƙwai ɗaya tal, duk sai an raba. Ban taɓa kawo wa raina abin zai kai ga magani ba.

Na yi faɗa, Yaya, faɗan da ban taɓa yi musu ba, Allah ya yafe mini. Baba ya bar ni na gama, sannan ya ce shi tun da ya kawo ta gidan nan bai taɓa haɗiye abu tana kallo ba, ba kuma zai fara da tsufansa ba. Wai ni yarinya ce, ba zan gane ba. Ni da nake koyar da 'ya'yan mutane!

Mama ce ta karya mini zuciya. Da muka keɓe a ɗaki ta ce ita ta daɗe da zargin ƙwayar ce take juya mata kai. Na tambaye ta dalilin da ya sa ba ta ƙi ba. Ta ce tun da idonsa ya rufe ba ya iya zuwa kasuwa, ba ya iya gyara mata ko maɓallin rediyo, wannan rabin ƙwayar ne kaɗai abin da ya rage yana ba ta da hannunsa, ta yaya za ta mayar masa. Abin da ba ta sani ba shi ne rabin da take sha ne ya hana a yi masa aiki. Da na gaya mata sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta yi kuka sosai.

Washegari ita da kanta ta riga mu shirin asibiti. Likitar ta saurare ni, ta cire tabarau, ta dube su, ta rasa ko dariya za ta yi ko faɗa, ƙarshe ta yi duka biyun. Aka auna Mama, ashe jininta ƙasa yake, ga shi bai ishe ta ba, shi ne ciwon kan tun asali. Aka rubuta mata nata maganin na ƙarin jini, shi kuma Baba aka mayar da shi kan na farko.

A hanyar gida damuwata ɗaya, na san yanzu ita ce za ta fara ba shi rabin nata. Sai Mama ta kawo dabara. Maganinta yana aljihun teburinsa, shi yake ba ta da hannunsa, guda cur. Nasa yana wurinta, ita take ba shi. Ƙwayarta doguwa ce, tasa zagayayya, yana bambance su da yatsa. Rezar dai na ɗauke, ya neme ta har ya gaji.

Jirin ya fara sauƙi. Saura jinin Baba, kuma kwanakin likitan ido suna ta tafiya. Ki gaishe da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yaya,

Gaisuwa a gurguje, ina fatan kuna lafiya. Jinin ya sauka! Likitar ta auna, ta sake aunawa, ta ce ma sha Allah. An sa mana jibi, a makon ƙarshe na likitan ido. Baba yana ta barkwanci wai a shirya masa agogon da suka taru, amma na ga shayinsa ya huce a gabansa bai sha ba. Ni ma tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba, ido ɗaya ne ya rage mana. Ki sa yaran su yi wa kakansu addu'a.

Auta

*

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da maigidan da yaran, da fatan kowa yana lafiya. Kin riga kin ji a waya cewa an yi aiki lafiya, amma ihun murnarki bai bar ni na ba ki labarin yadda aka buɗe idon ba, kuma Mama tana wurin.

Da safen da za a cire bandejin na shirya, na zauna jiran Mama, shiru ba ta fito ba. Na leƙa ɗaki na same ta gaban madubi, ta fito da kaya kala-kala ta zube a gado. Matar da rabonta da hoda tun bikinki, sai ga ta tana tambayata ko ina da jan baki mara haske sosai. Na fara tsokanarta da amarya, sai na ga ba wasa a fuskarta. Ta ce shekarun nan da yake cikin duhu ita ta san abin da madubi yake gaya mata, shi bai sani ba. Haƙoranta biyu sun fita, gashi ya yi fari fat, wuya ya saki. Matar da ke cikin kansa daban, wadda zai buɗe ido ya gani daban. Yaya, tsoro take ji, tsoro na gaske. Na shafa mata hodar da hannuna, na ɗaura mata ɗankwali.

A asibiti ta ƙi matsowa, ta tsaya can bayan ma'aikaciyar jinya. Aka warware bandejin a hankali. Baba ya yi ta ƙifta ido, hawaye yana zuba, sai ya ce fitilar ɗakin ta yi ƙura, a goge ta. Likita ya yi dariya ya ce to aiki ya yi. Baba ya juyo kaina ya ce ashe haka na yi ƙiba ba wanda ya gaya masa. Na ce na gode.

Daga nan ya fara waige-waige. Ma'aikaciyar ta matsa gefe, Mama ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Ya ce ta matso. Ta matso. Ya ce ta ɗago. Ya daɗe yana kallonta, ni har na fara jin haushinsa. Can ya sauke ajiyar zuciya ya yi hamdala, ya ce ita ce, ba a canza masa ba. Likita ya ce to ya rufe idon ya huta, za a ɗiga magani. Baba ya ce a ɗan dakata masa tukuna, bai gama gani ba.

Ki zo, Yaya, ki kawo yaran. Allah ya maimaita mana irin wannan shekara.

Taki mai ƙaunarki,
Auta