Bokitinki Ba Zai Ƙara Ƙyalli Ba, Inna

Assalamu alaikum Inna. Gaisuwa mai tarin yawa daga 'yarki Rabi, tare da fatan kina cikin ni'imar Ubangiji.

Bayan haka, kan bokitinki na ƙarfe nake rubuto miki, wanda muka yi ta ɗibar ruwa da shi a Wurma. Gindinsa ya yi tsatsa har ya huje, Yaya Sani ya ce a ba 'yan gwangwan. Wallahi raina ya ɓaci. Shi kaɗai ya rage cikin kayanki, sai na ɗauko abina na taho da shi Dutsin-Ma.

Ina tuna yadda kike zaunar da ni da toka da yashi, in yi ta dirza har hannuna ya yi zafi. Kina cewa, “Bokitin da ba ya ƙyalli na ƙazama ne.”

To Inna, ashe dirzar nan ce ta cinye shi. A darasin kimiyya da nake koyarwa, kowane ƙarfe yana da lambar da aka auna masa da ma'aunin lantarki. Wanda tasa ta fi nisa ƙasa da sifili, shi ya fi saurin sakin ƙwayoyin lantarkinsa ya ba wani. Ta tutiya, wato ƙarfen da ake kira zinc, −0.76 ce, ta baƙin ƙarfe −0.44. Shi ya sa ake shafe bokiti da tutiya: ita take fara bayarwa, tana cinyewa a hankali, tsatsa ba ta samun ƙarfen. Wannan dusu-dusun da kika tsana, shi ne tutiyar. Mu kuwa muka bi shi da yashi muka kankare tas.

Da na yi wa ɗalibaina bayani da bokitin a hannu, sai na tsaya ina kallonsa. Ke na tuna, yadda kike raba mana tuwo ki ce kin ƙoshi. Ba mu lura kina ƙarewa ba.

Ranar kasuwar Kurfi na kai wa maƙeri ya liƙe hujin, na sa ya manna bawon tsohon batirin tocila a ciki, don shi ma tutiya ne. Yanzu yana riƙe ruwa.

Sai dai ki yi haƙuri, ba zan ƙara dirza shi ba. Ki kira ni ƙazama, na yarda.

Allah ya haskaka kabarinki, ya shayar da ke ruwan Alkausara.

Taki har kullum,
Rabi